Yadda Za Ka Faɗaɗa Landirobar Babanka Har Ta Kasa Fita Daga Gida

Kai da kake da tsohuwar mota kwance a tsakar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin sitiyarinta, matso kusa, yau kakarka ta yanke saƙa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, aikin mako ɗaya zai kai ka wata uku cur, motar da ta shiga gidanku lafiya lau kuma ba za ta fita ba sai an kawo diga. Ban taɓa riƙe sifana ba tunda nake, amma bencina yana daidai ƙofar gidan Haladu a nan Gumel, kuma a kan idona ya yi komai. Da shi za mu yi misali, tunda ya riga kowa ƙwarewa.

Mataki na ɗaya: Ka samo dalilin da ba mai iya musa maka

Ba a taɓa tsohuwar mota haka siddan. Sai kana da dalilin da in ka faɗa kowa zai yi shiru.

Haladu malamin lissafi ne a makarantar sakandare, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu, shi ya sa duk gari Dogo ake ce masa. Mahaifinsa, marigayi Malam Siddiq direba, ya bar masa wata koriyar landiroba wadda ya yi shekaru yana ɗaukar malaman gona a cikinta kafin ya saye ta a gwanjo. Tun ranar da Malam ya shigar da ita tsakar gida ya kwanta ciwon ajali, yau shekara goma sha ɗaya, ba ta ƙara motsawa ba.

Ana nan sai ga waya daga Jigawar Kanya, wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Can ne garin su Inna Zinariya, mahaifiyar Haladu. Mai kiran Abdulbaqi ne, ɗan yayarta. Ya ce jikin tsohuwarsa, Yaya Dije, ya matsa, idanunta dama sun daɗe da rufewa, yanzu kuma ba ta da magana sai "Zinariya ta zo?" Ita da Inna su biyu suka rage a ɗakinsu. Shekara huɗu rabon da su haɗu, saboda bayan Inna ba ya ɗaukar jijjigar babur ko amalanke, ƙananan motoci kuwa a bakin yashin suke kafewa.

Ummulkhair, matar Haladu, ta kawo shawara mai sauƙi: a ari motar shiga daji wurin wani ɗan'uwanta a Gagarawa, jibi a kai Inna. Inna ta juya tana kallon landirobar.

"Dogo," in ji ta, don ba ta kama sunan ɗan fari, "motar nan ita ta ɗauko ni daga garinmu ina amarya. Da za ta tashi, a cikinta nake so in je wa Yaya."

Haladu ya bugi ƙirji. "Mako biyu, Inna. In Allah ya yarda, mako biyu."

Ka riƙe wannan "mako biyu" da kyau, za ka yi ta buƙatarsa nan gaba.

Mataki na biyu: Ka sallami 'yan haya

Motar da ta shekara goma sha ɗaya a wuri ɗaya ba ta rasa mazauna. Haladu ya fitar da kaji tara, buhun ƙaiƙayi uku, turmin da ya tsage, da wani takalmi da aka yi shekara biyu ana zargin maƙwabta da ɗauke shi. Akwai kuma wata zabuwa da ta mayar da kujerar direba ɗakinta, ita sai da aka yi da gaske ta fita.

Daga nan masu narka alminiyum su yi tukwane za su fara zuwa gaishe ka. Bodin irin motar nan da alminiyum aka yi shi, su kuwa in suka dube ta tukwanen biki suke gani a jere. Ka amsa gaisuwa, ka ba su ruwa, ka tambayi iyali, amma kada ka bar su su kaɗai da motar ko da za ka shiga kewaye ne.

Mataki na uku: In injin ya tashi, kada ka rikice

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Haladu ya kira Zayyad bakanike yana sa ran zai ce injin ya mutu murus. Zayyad ya wanke tanki, ya canja baƙin mai da batir, ya kwance nan ya hura can, ya samo tayoyi na hannu, rana ta huɗu ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta watso hayaƙi har kajin suka haura katanga, sannan ta ɗauka. Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta tsaya tana sauraron ƙarar tana share ido da bakin mayafi.

"To, alhamdu lillahi," in ji Ummulkhair. "Malam, gobe sai ku kama hanya."

Ragon mutum a nan zai ce to, ya zuba mai, ya kai uwarsa ta ga 'yar'uwarta, ya dawo gida ba wanda ya san ya iya komai. Kai ba haka za ka yi ba. Ka zagaya motar sau uku hannu a baya, ka tsuke baki, ka ƙwanƙwasa gefenta kamar mai sayen kankana.

"Inji dai ya yi," in ji Haladu. "Amma bodin nan, a'a. Ina Inna za ta kwanta? Bayan nan ko katifa ba zai ci ba. Sai an faɗaɗa."

Tsakani da Allah yake faɗa. Yana son uwarsa, kuma yana so ta shiga garinsu a fito kallo. Ba wanda ya tambayi Inna ko tana son kwanciya, kai ma kada ka tambaya.

Mataki na huɗu: Ka nemo mai walda, amma gajere

Tsawon mai walda yana da muhimmanci, za ka ga dalili nan gaba kaɗan. Ɗalha mai walda gajere ne sosai, in suka jera da Haladu kansa daidai aljihun rigar Haladu yake tsayawa. Gwani ne a ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe. Mota kuwa bai taɓa yi ba, abin da ya sa ya dace da aikin ke nan.

Ya turo janareta a kura, ya sa baƙin gilashi, ya ɗora wuta a gefen motar. Alminiyum ba ya jin waldar ƙarfe. Wurin ya narke ya zube, ya bar ramin da kan akuya zai shiga.

"Malam Dogo, wannan ƙarfen ba shi da tarbiyya," in ji Ɗalha.

Ka bar shi ya sake gwadawa a wasu wurare biyu don a tabbatar. Bayan rami na uku sai ku gano da kanku abin da kowane mai gyaran bodi zai gaya muku a tsaye: a yi firam da ƙarfe, a lulluɓe shi da fallayen alminiyum, a ɗinke da ƙusoshin ribit. Kayan kuwa sai Maigatari, kuma sai ranar Alhamis, don a haɗa da kallon kasuwa. Ka yi ƙoƙari wannan shawara ta faɗo ranar Juma'a, ka ga an ci kwana shida ke nan ba tare da an gaji ba.

A Maigatari Haladu ya faɗa hannun wani Badamagare mai sayar da kayan tsofaffin motoci, mai yawan jefa Faransanci a magana.

"Mushe," in ji mutumin yana bubbuga wani falle, "wannan daga jikin kamiyo, babbar motar kaya, na cire shi. Har Agadas ya je ya dawo, ko gezau."

Falle huɗu Haladu ya je saye. Ya dawo da bakwai, da fitilu biyu na saman rufi, da wani hon mai kukan jirgin ƙasa.

Mataki na biyar: Ka yi awo da kamu

In duk sauran matakan sun shige maka duhu, ka riƙe wannan.

Motar ta shiga gidan ne ta wata ƙofar kwano da Malam Siddiq ya fasa a jikin katanga kusa da zaure, ya gina mata ginshiƙai biyu da hannunsa. Ta nan za ta fita. Saboda haka kafin a faɗaɗa sai an san faɗin ƙofar.

Ummulkhair tana ɗinki. Ta fito da tef ɗin awonta ta miƙa. "Ga shi, ku auna da wannan."

Kada ka karɓa. Tef ɗin da ake auna hannun rigar mata ba shi za a ɗora wa motar daji ba, balle a gaban mai walda. Haladu ya ce kakanninmu da kamu suka gina ganuwa, kuma shi malamin lissafi ne, ba a gida za a koya masa awo ba.

Ya tura Ɗalha ya auno ƙofar. Ɗalha ya durƙusa, ya aza gwiwar hannu a ƙasa ya miƙe yatsu, ya ɗaga ya sake azawa, har ya kai ɗaya ginshiƙin. Ya ɗaga murya: "Kamu biyar cif!"

"Madalla," in ji Haladu. "Mu yi bodi kamu huɗu da rabi, ka ga an bar mata rabin kamu ta sake." Ya ɗauki alli ya auna kamu huɗu da rabi a kan ƙarfen firam, da nasa hannun.

Lissafin ba shi da aibu, a kowace makaranta biyar ta fi huɗu da rabi. Abin da aka manta kawai shi ne kamun Haladu ya ɗara na Ɗalha da tafin hannu guda har da 'yan yatsu. Ummulkhair ta dubi hannun wannan, ta dubi na wancan, ta buɗe baki za ta yi magana, aka ce mata kamar miyarta tana kamawa. Ta naɗe tef ɗinta ta koma madafa.

Mataki na shida: Ka ƙara abin da ba wanda ya roƙa

Tunda an faɗaɗa, rufin ya yi ƙasa, sai a ɗaga shi. Tunda an ɗaga, sai an yi matakala. Tunda ga matakala, sai ƙarfen dafawa. Sai taga mai labule ta gefen katifa don Inna ta riƙa ganin gonaki, sai wurin ajiye buta, sai maratayin carbi. Kowane ɗaya kwana uku ne, in ribit ya ƙare kuma sai wata Alhamis ɗin.

A wannan matakin waya za ta dame ka. Da farko Abdulbaqi duk bayan kwana uku yake kira, daga baya ya koma kullum.

"Yaya Haladu, yau ma ta tambaya. Da ta ji ƙarar babur sai ta ce a leƙa ko ku ne."

"Mun kusa, Abdulbaqi. Ka ce mata mako biyu."

In ka kashe wayar za ka ji tsoro ya kama ka. Haladu ya ji shi, tsoron kada wata rana a kira a ce ba sai sun zo ba. Maganinsa shi ne ka yi maza ka ɗauki guduma ka sami wani wuri ka buga.

Inna ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba. Ta dai ɗaure kayanta a zani tun makon farko ta ajiye a bakin gado, kullum da safe takan kwance ta sake ɗaurewa.

Mataki na bakwai: Ka gyara abin da ba a ce maka ya lalace ba

A ƙofar gaba, gefen mai zaman banza, akwai wata lotsawa zagayayya mai zurfi, faɗinta kamar bakin ludayi. Tun Haladu yana rarrafe yake ganinta. Da la'asar Inna takan kawo kujerarta inuwar motar ta jingina da wannan ƙofa, hannu ɗaya yana jan carbi, ɗayan yana cikin lotsawar. Haladu bai taɓa tambayar dalili ba, ya ɗauka sabo ne irin na tsofaffi.

Ka yi abinka a ɓoye don ka ba da mamaki. Ranar da Inna ta shiga maƙwabta wunin suna, Haladu ya cire ƙofar, ya buga ta daga ciki, ya cike da fila, ƙullun nan na masu gyaran bodi, ya goge da samfefa, ya shafa sabon koren fenti har shafi uku. Wallahi aikin ya yi kyau, shi kaɗai ne ma ya yi kyau a duk gyaran.

Washegari da la'asar Inna ta zauna ta kai hannu inda ta saba. Ta shafa, ta sake shafawa sama da ƙasa.

"Dogo, ina tabon Yaya?"

"Wane tabo, Inna? Au, lotsawar? Ai na gyara ta."

Ta ci gaba da shafa wurin. Da ta tashi magana kuma, Ummulkhair ta fuskanta, ba shi ba.

"Ranar da aka zo ɗaukata, Malam da kansa ya tuƙo, don ba direban da zai shiga yashinmu. Baya ya cika da kaya da gwaggonni, aka sa ni a gaba. Yaya tana daka a ƙofar gida, ta ƙi zuwa mu yi sallama, wai an raba ta da ni. Ni kuwa ina son Malam, ina cikin mayafi ina ta murmushi, ashe ta hango haƙorana ta taga. Mota na tashi sai ta biyo mu da taɓarya ta maka wa ƙofar nan. Ta ce, 'Je ki, mara kunya, kya dawo ki same ni!' Malam ya yi dariya har ya kusa kai mu cikin shinge. Sau nawa masu gyara suna cewa a buga a fitar, yana hana su." Ta sauke hannunta a cinya. "Yaya ba ta gani yanzu. Cewa na yi in mun je in kama hannunta in sa mata a wurin."

Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauko guduma. "Bari in mayar, Inna, yanzun nan."

"Ajiye. Ba hannunka ne ya yi shi ba."

A nan ba ni da wata dabara da zan ba ka. Haladu ya ajiye gudumar, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Mataki na takwas: Ranar fita, ka tara jama'a

Wata uku da kwana biyu bayan "mako biyu" na farko, wayar Abdulbaqi ta shigo da sassafe, muryarsa ta canja.

"Kwana biyu ke nan ko kunu ba ta sha. In za ku zo, ku zo yau."

Wannan karon Haladu bai ce mako biyu ba. Akwai sauran maratayin carbi ba a ɗaura ba, ya bar shi a ƙasa. Aka shimfiɗa katifa, aka loda tsaraba, unguwa ta taru a ƙofar gida, ni ma na ja bencina gaba. Haladu ya shiga, ya danna hon mai kukan jirgi, ya sa ribas. Motar ta taho a hankali cikin taƙama, sai ji kake ƙurrr, gefen dama da na hagu sun ciji ginshiƙan nan biyu lokaci guda.

Yanzu ka nutsu ka saurari shawarwari, don ranar kowa injiniya ne. Wani ya ce a sace iskar tayoyi, sai ka ce tsawo ne ya hana ta. Wani ya ce a shafa wa ginshiƙan baƙin mai ta sulɓe. Wani dattijo ya ce a kwantar da ita a gefe a ja da shanu. Ɗalha ya rantse ƙofar kamu biyar ce, ya durƙusa ya sake aunawa a gaban kowa, biyar. Haladu ya auna bodin, huɗu da rabi. Suka tsaya suna kallon juna, kowa da gaskiyarsa.

Ummulkhair ta yafa mayafi ta fito. Ta ja tef ɗinta a ƙofar, ta ja a bayan motar, ta riƙe bambancin tsakanin hannayenta biyu ta ɗaga sama kowa ya gani. Ya fi taƙi guda.

"A kwance ribit a rage," in ji Ɗalha a hankali. "Kwana huɗu."

Haladu ya dubi ginshiƙan. Har yanzu shatin yatsun mahaifinsa yana jikin yaɓen. Ya tsaya zufa tana zubo masa, ya kasa cewa a rage, ya kasa cewa a rushe.

Inna ce ta fito da ƙunshin kayanta a hannu. "Ku rushe na hagun."

"Inna, Baba ne fa ya gina shi."

"Ni na ɗebo ruwan kwaɓin, ai na sani. Malam ba ya jiran kowa yanzu. Yaya ce take jira. Ku kawo diga."

Maza shida da diga biyu suka hau kai. Kafin a kira azahar ginshiƙin da wani yanki na katangar suna ƙasa, landiroba ta taka ɓaraguzan ta fito titi.

Mataki na tara: Ka gano wa aka yi wa katifar

Haladu ya buɗe baya, ya gyara matakala, ya nuna ƙarfen dafawa da taga mai labule. Inna ta leƙa ta ce, "Sannu da aiki, ya yi kyau." Sannan ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba. "Ni a nan na zauna da aka kawo ni. Kama ni in hau."

Katifar da aka yi wata uku ana gina wa ɗaki, Ummulkhair ce ta miƙe a kai ita da buhun shinkafa da kwalin sabulu. Ta ce ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin wannan ba, kuma har yau takan maimaita in tana so ta tsokane shi.

A yashi kam tsohuwar motar ta nuna halinta. Bayan Sule Tankarkar, inda ƙananan motoci suke sauke fasinja su tura, ta shiga tana gurnani ko tsayawa ba ta yi ba. Sai dai burtalin da aka yi don amalanke bai san da sabon faɗinta ba. Ƙayar dama da ta hagu suka yi ta karce fentin, reshen aduwa ya tafi da fitila ɗaya ta saman rufi, Haladu bai tsaya ɗauka ba. Ƙofar gaba kaɗai ta tsira, tunda bayan ya fi ta fitowa, ta isa garin sumul tana sheƙi.

Mataki na goma: Ka koma gefe

Sun isa bayan la'asar. Abdulbaqi ya taro su a ƙofar gida, kafin a tambaye shi ya ce, "Tana nan." Ba a kai ga kashe injin ba aka jiyo wata siririyar murya daga ciki.

"Wannan kukan na san shi. Ku fitar da ni."

Aka ce ta bari a shigo mata da Zinariya, ta ƙi. Abdulbaqi da matarsa suka tallafo ta, ba ta fi damin kara nauyi ba. Inna tana zaune a gaba ta kasa saukowa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya Dije ta miƙa hannu ta sami ƙofar. Ta shafa tsakiya, ta shafa ƙasa, ta dawo tsakiya.

"Wannan ba motar Siddiq ba ce."

"Ita ce, Inna Babba," in ji Haladu, murya can ƙasa. "Gyara aka yi. Ni na yi."

"Kai ne Dogon? Wa ya sa ka?" Ba ta jira amsa ba. "Abdulbaqi, miƙo mini taɓarya."

Abin da ake so da kai a nan ɗaya ne, kada ka hana. Haladu ya ga taɓarya ta fito, ya tuna fila da samfefa da fenti shafi uku, ya ja da baya ya harɗe hannu. Tsohuwar ta yunƙura sau biyu tana haki, taɓaryar ta ƙi ɗaguwa. Sai ƙofar ta buɗe, Inna ta sauko ba mai kama ta, ta mayar da ƙofar ta rufe, ta ɗora hannayenta a kan na yayarta. Suka ɗaga tare suka maka.

Ƙarar har bakin rijiya an ji ta. Fila ta tarwatse, ƙofar ta lotsa daidai inda take da, har ta ɗan fi zurfi.

Yaya Dije ta saki taɓaryar, ta sa yatsu a ramin, ta shafa, ta gyaɗa kai. Sannan ta lalubo fuskar ƙanwarta.

"Mara kunya," in ji ta. "Sai yanzu?"

"Na dawo na same ki, Yaya."

Suka riƙe juna suna kuka suna dariya, mata suka fito daga maƙwabta suna tambayar abin da ya fashe. Haladu ya zagaya bayan motar wai yana duba ribit, ya daɗe a can bai fito ba. Ranar Yaya Dije ta sha kunu kofi ɗaya da rabi.

A kula

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, ba mai walda ba, ba magini ba. Ba ruwansa da katangar da ta faɗi, ko ramin da walda ta huda, ko zabuwar da ta yi fushi ta koma maƙwabta, ko matar da za ta riƙa ajiye tef ɗin awo kusa da kwanon tuwonka har shekara ta zagayo. Ba ruwansa kuma in motarka ta koma kwana a titi kamar ta Haladu, don da magina suka zo mayar da ginshiƙin, Ɗalha aka sa ya auna musu kamu biyar.

Yaya Dije ta ƙara kwana goma sha ɗaya, Inna tana gefenta har aka rufa mata. Allah ya jiƙanta. Waɗannan kwanakin Allah ne ya ba Haladu, ba sa cikin matakan nan, kuma ban yi maka alkawarinsu ba. In akwai mai jiranka a ƙarshen wata hanya, inji kuma ya riga ya tashi, to ka yage takardar nan ka tafi yau. In kuwa ka biyo ta unguwarmu da la'asar ka ga Inna Zinariya a jikin ƙofar nan, hannunta cikin lotsawar, ka gaishe ta ka wuce, kada ka ce za ka gyara.